Abin da Ya Kayar da Baburin Ingila

Duk lokacin da aka fito da tsohon babur ƙirar Ingila don sayarwa, irin BSA ko Triumph mai tayoyi masu kaushi da aka ƙera don hanyar daji, za ka ji dattawa na cewa ƙarfen dā ya fi na yanzu. Gaskiya ne ƙarfen yana da kauri. Sai dai a ƙasar Zuru, inda hanyoyin Ribah da Mahuta da Dirin Daji ke bi ta duwatsu da rafuka, abin da ke raya babur shi ne bakanike da kayan gyara, kuma a nan ne na Ingila ya faɗi.

Kamfanin BSA da bindiga ya fara a Birmingham a 1861. A yaƙin duniya na biyu ya ƙera babur samfurin M20 kimanin 126,000 don sojoji masu kai saƙo. Lelna, mutanen ƙasar Zuru waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe da yin suna a aikin soja tun rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda rassanta na 81 da 82 suka yi yaƙin Bama, don haka bariki na cikin wuraren da ɗan Zuru zai fara ganin irin wannan babur. A 1951 BSA ya sayi Triumph, ya zama kan gaba a duniya. Zuwa 1973 ya durƙushe. A tsakanin nan ne Honda ta Japan ta fito da Super Cub a 1958, mai arha, marar shan mai, daga baya kuma ta kafa masana'anta a Ota a 1979.

Mai musu zai ce arha ce ta rinjayi nagarta, talauci ya sa muka rungumi na Japan. To a je garejin bakin kasuwa a duba. Notunan tsohon baburin Ingila da inci aka auna su, sufanun bakanikenmu kuwa lamba 10 ne da 12 da 14, ko ɗaya ba ya kama su daidai. Giyarsa a ƙafar dama take, birki a hagu, saɓanin abin da ƙafar kowane ɗan kabu-kabu ta saba. Ga yoyon baƙin mai da ya yi suna a kai. Manomin da kilocinsa ya ƙone cikin damina, shinkafa na jiran taki, ba zai jira saƙo daga Legas ba. Indiya ma shaida ce: Royal Enfield ɗan Ingila ne, amma tun 1955 ake haɗa shi a Madras, da kayan gyaransa a kusa, shi ya sa ya rayu can bayan masana'antarsa ta gida ta rufe. Bajaj Boxer da ke ɗaukar buhunan dawa zuwa kasuwar Zuru yau ta wannan ƙofa ya shigo, domin kowane shago na da zobensa da sarƙarsa.

Duk da haka tsohon baburin Ingila ba kayan bola ba ne. Wanda ya gaji irinsa a zaure kada ya miƙa wa 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. A kai shi fadar Zuru ko wata makaranta, a rubuta sunan mai shi da shekarar da ya saya.