Yadda Aka Riƙe Abubakar Imam a Zariya

'Yan uwa marubuta, yawancinmu mun karanta Magana Jari Ce, amma ba kowa ke tambayar yadda aka horar da mai littafin ba.

Malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Dakta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi, bai tsaya ga ba shi kyauta ya sallame shi ba. A 1936 ya aro shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa, Indiya da Turai, yana duba abin da ya rubuta, suna gyarawa tare. Daga wannan zama Magana Jari Ce ta fito.

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wanda aka horar ɗin aka damƙa wa kujerar edita. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A ganina wannan ne ya zaunar da shi fiye da albashi: kowane koyo yana buɗe masa sabon matsayi. Ya yi shekara goma da ɗoriya yana editan jaridar.