Kunyar Dankali a Ƙasar Ayalan

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Jos ya ji ana kiran dankalin Turawa da sunan Airish. Sunan nan na mutanen Ayalan ne, wani tsibiri da ke yamma da Ingila. Amma asalin dankalin ba nasu ba ne. Daga duwatsun Peru na Amurka ta Kudu jiragen Sifen suka kai shi Turai, bai kuwa isa Ayalan ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Abin da ya sa sunansu ya bi shi, shi ne babu al'ummar da ta rungume shi kamar su, kuma wata irin kunya da su ke yi masa ita ce ta ba su ikon haka.

Yammacin Ayalan, watau wajen Mayo da Galway, ƙasa ce ta duwatsu da dausayi. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, ƙasar noma kuwa a wani wuri ba ta wuce taki ɗaya ba sai a tarar da fa. A da, gonaki masu kyau suna hannun manyan masu ƙasa, waɗanda da yawansu a Ingila su ke zaune, talaka sai ya yi haya a gefen tudu inda garmar doki ba ta shiga.

To, ga yadda ya ke yi. In watan Maris ko Afrilu ya kama, sai ya ja igiya ya auna fili mai faɗin kamar ƙafa 4, tsawonsa ya bi gangare. Ba ya nome ciyawar da ke wurin. A bisanta zai shimfiɗa taki, ko kashin shanu, ko ciyawar teku wadda shi da matarsa da 'ya'yansa suka ɗauko a kwando a bayansu tun daga gaɓa. Sa'an nan ya jera irin dankali a kan takin, kowane yanki da idonsa. Daga nan sai ya ɗauki wani shebur mai siririn baki da doguwar ƙota, da wurin taka ƙafa a gefe guda, ya yanko ƙasa da ciyawarta daga dama, ya kifa ta a kan irin kamar yadda a ke rufe littafi, ya koma hagu ya yi haka nan. Inda ya yanko ya zama kwari. Ya ƙara haƙo ƙasar kwarin ya watsa bisa. Bayan makonni, in tsiro ya leƙo, ya sake yi masa huɗa.

Mai karatu manomi ya riga ya gane hikimar. Ƙasa ta ninka kauri inda saiwa ta ke. Ciyawar da aka kifa ta ruɓe ta zama taki. Ruwa ya sami kwari ya gangara, dankali bai kwana cikin laka ba. Turawan Ingila suka laƙaba wa wannan aiki sunan da ma'anarsa ita ce kunyar rago, wai don ba a kafce filin duka. Ni dai a ganina wanda ya raɗa sunan bai taɓa hawan tudu da kwandon jiƙaƙƙiyar ciyawa a baya ba.

Kunyar ta yi albarka ƙwarai. Eka ɗaya da rabi ta kan ciyar da gida mai mutum 5 ko 6 kusan shekara guda, in an haɗa da ɗan nono. Saboda haka saurayi ba ya jiran gado kafin ya yi aure, shebur da gefen tudu sun ishe shi. Jama'a ta yi ta yaɗuwa, har ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali, safe da rana da dare, galibi kuma iri guda ne mai suna Lumper, don ya fi yawan 'ya'ya. Alkama da shanun da ƙasar ke fitarwa na biyan haya ne da na fatauci.

Cikin watan Satumba 1845 wata cuta ta shigo, wadda ta ƙetaro daga Amurka. Ganye ya yi baƙi, dankali ya narke a cikin ƙasa yana ɗoyi. A 1846 kusan duk amfanin ya tafi. Mutane suka cinye irin da suka ajiye, don haka a 1847 kaɗan aka shuka, a 1848 kuma cutar ta komo. Firayim Minista Robert Peel ya sayo masara ta fam 100,000 daga Amurka, gwamnatin da ta gaje shi ta buɗe ayyukan hanya da gidajen dafa abinci, Sarkin Musulmi Abdulmajid na Istanbul ma ya aiko da fam 1,000. Duk da haka jiragen hatsi ba su daina barin tashoshin Ayalan ba. Abin da ya fi ciwo, a 1847 aka yi doka cewa wanda ke riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba shi da rabo a taimakon gwamnati. Magidanci sai ya zaɓa, ko ya saki kunyoyinsa ya ci, ko ya riƙe su ya mutu.

Wajen mutum miliyan 1 yunwa da zazzaɓi suka kashe, fiye da miliyan 1 suka yi hijira zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Ƙidayar 1851 ta sami miliyan 6 da rabi. Maganin feshi na cutar bai samu ba sai bayan 1880, a Faransa. Har yau jama'ar tsibirin ba ta koma adadin 1841 ba.

Kunyoyin kuwa suna nan. A tsibirin Achill, gindin dutsen Slievemore, akwai kangayen gidajen dutse, kewaye da su ga layukan kunya sun gangaro, ciyawa ta rufe su, tumaki suna kiwo a kai. In rana ta yi ƙasa, inuwa ta kan faɗa cikin kwaruruwan har mutum ya iya ƙirga su ɗaya ɗaya.