Tarihin Horar da Hannu a Gidajen Makaɗan Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda gidajen makaɗa suka riƙa koyar da 'ya'yansu a ƙasar Gumel, wato masarautar da Mangawa suka kafa wajen 1750, wadda ta daɗe tana bin Barno, aka kuma mai da fadarta daga Tumbi zuwa Gumel a 1845. Ƙasar ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Matakan Koyo

Kamar sauran ƙasar Hausa, kiɗa a nan sana'ar gado ce. Ba a fara ba yaro babban abin kiɗa. Kanzagi ko kuntuku ake rataya masa, ya bi manya zuwa biki ko kasuwa, yana maimaita bugu guda har hannunsa ya daina jiran tunani. Kuskure kuwa nan take ake gyara shi, domin kunnen uba yana kusa.

Sa'an nan sai kalangu, wanda ke bukatar aiki biyu a lokaci ɗaya: hannu guda yana bugu, ɗayan yana matse tsarkiya yana sassautawa, don sauti ya hau ko ya sauka bisa karin harshen Hausa. Wanda ya saba matsawa fiye da kima, takensa ba zai faɗi magana ba. Haka mai algaita, busar da Hausa da Barno suka yi tarayya a kanta, sai ya koyi tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, don kada busa ta yanke.

Binciken zamani ya ƙarfafa hikimar farawa da wuri. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa suka nuna cewa, a masu goge irin na Turai, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yatsun hagu ya fi na sauran mutane faɗi, musamman waɗanda suka fara tun suna ƙanana.

Kammalawa

Tun daga shekarun 1990 fiyano ya karɓe yawancin waƙoƙin Hausa, makaranta kuma ta rage lokacin da yaro ke yi a bayan ubansa. Faifai yana adana sauti, amma ba ya adana yadda aka horar da hannun da ya fitar da shi. Saboda haka ya wajaba manazarta su zauna da dattawan makaɗan Lautai, su rubuta matakan koyon nan tun masu shi suna raye.