Tabutun Bani Isra'ila da Dirkin Kano

 

Ku sani ya ku almajirai da fatake, Tabutu akwati ne na Bani Isra'ila, wanda Allah Ta'ala ya ambata cikin Suratul Baƙara, aya ta 248, a ƙissar Ɗaluta. Malaman tafsiri sun ce cikinsa akwai gutattsarin allunan Attaura, da sandar Annabi Musa, da rawanin Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata gare su. Labarinsa ya yanke tun sa'ad da Buhtanassar, sarkin Babila, ya rushe Baitul Maƙdis, wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Kiristocin Habasha suna cewa yana garin Aksum, amma mai tsaro ɗaya kaɗai aka yarje wa ganinsa.

A shekarar 1909 wani Bature ɗan Ingila, Kyaftin Parker, ya sauka Ƙudus da mutanensa yana nemansa. Suka daɗe suna tona ƙarƙashin ƙasa wajen Silwan, ba su sami komai ba sai tukwane da kasake. A 1911 ya ba masu tsaron Harami toshiya, suka shiga da dare cikin tufafin Larabawa, suka kama haƙa a Ƙubbatus Sahra. Asiri ya tonu, gari ya yamutse, suka tsere ta jirgin ruwa daga Yafa. Dukiya suka je nema. Da abin da ke rubuce jikin allunan ne bukatarsu, da ba su keta alfarmar wurin ibada ba.

Kada mu yi musu dariya, ya 'yan'uwa, domin nan cikin ganuwar Kano an yi makamancin wannan. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, aka fara Dirki. Wani abu ne da aka naɗe cikin fatu, ana yanka masa shanu domin neman nasara da tsari. Sarki bayan sarki, kusan shekara 200, ana zubar masa da jini, ba wanda ya ce a kwance a gani.

Sai zamanin Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781. Manyan gari suka nemi shanun Dirki, ya ƙi ba su abin da suka nema. Ya fusata, ya aiki samari da gatura suka sassare shi. Da aka kai ciki, sai ga Alƙur'ani mai kyawun rubutu. Subhanallahi! Littafin da ya haramta yanka ga wanin Allah, shi aka ɗaure ana yi wa yanka.

Alwali bai wanye da sarauta ba. Jama'ar Shehu Usmanu suka fitar da shi daga birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807.