Tarihin A4 da Santimitar da Ta Ɓace a Firinta



Wata ɓarna ce ta jawo rubutun wannan mako. Ƙanwata tana ɗinka jakunkunan hannu, na zana mata samfurin da za ta ɗora a kan leda ta yanka, faɗinsa santimita 20 a kwamfuta. Muka buga a wani shago. Sai da ta gama yanka ledar jaka shida muka ga zif bai zauna ba. Na sa rula: 19 da ɗan wani abu. Da na bi diddigi, sai na tarar laifin ya girmi mai shagon, har da kakansa.

A 1786 wani malamin kimiyya a Jamus, Georg Lichtenberg, ya yi bayani a cikin wata wasiƙa kan takardar da in an ninka ta biyu, rabin zai fito da siffar uwarsa. Wannan ba ya yiwuwa sai tsawon ya ninka faɗin sau 1.414. Maganar ta daɗe ba ta zama ƙa'idar kowa ba, sai a 1922 da hukumar ma'aunai ta Jamus ta karɓi tsarin da Walter Porstmann ya shimfiɗa a kanta. Ya fara da babbar takarda, A0, mai filin murabba'in mita ɗaya. Rabinta A1, rabin wannan A2, har a iso A4 mai milimita 210 da 297, sannan A5 mai 148 da 210. A 1975 tsarin ya zama ma'aunin duniya. Mu da muka yi jarrabawa a kan fulskaf, gadon Ingila, mun ga ƙarshen tsohon yayi ke nan.

Amurka ba ta bi ba. Takardarta, Leta, inci 8.5 da 11 ce, wato kusan milimita 216 da 279: ta fi A4 faɗi, A4 ta fi ta tsawo. Manhajoji da yawa kuwa da Leta suke buɗe sabon shafi. A kanta na yi zanena ban lura ba. Da firinta ta ga shafin ya fi takardar da ke cikinta faɗi, sai ta matse shi zuwa kashi 97 cikin ɗari ko ƙasa da haka, ba ta tambayi kowa ba.

Mu ma abin yana cizon mu. Sau nawa marubuci ke tsara littafi a kan A4 da haruffa masu girman 12, ya kai maɗaba'a a mayar da shi A5? Dabarar Porstmann za ta sa shafin ya zauna daram, amma an rage komai zuwa kashi 71, harafin 12 ya koma kusan 8.5. A ganina nan ne wasu littattafanmu ke samo rubutun da sai an ƙanƙance ido, mai karatu ya ajiye tun a babi na biyu. Tsara shafinka a kan A5 tun farko.

Yanzu duk abin da zan buga wanda girmansa ke da muhimmanci, samfurin ɗinki ne ko bangon littafi, nakan duba cewa shafin kwamfuta da takardar firinta iri ɗaya ne, in ce a buga a kashi 100, a cire zaɓin daidaita hoto da shafi. A gefe nakan zana murabba'i mai santimita 5, in auna shi da rula kafin almakashi ya taɓa komai. Kuɗin ledar dai ni na biya.