Abin da na hango daga hasumiyar Agadas

A hutun lakwal da ya wuce na bi kawuna zuwa Agadas. Gaskiya ba tarihi ya kai ni ba, kaya muka kai kasuwa. Amma da na tsaya ƙofar fadar Sarkin Abzin, na ɗaga kai na ga hasumiyar babban masallaci, sai na ce wallahi ba ni barin garin nan sai na hau.

Tsawonta mita 27, kuma da laka zalla aka gina ta. An kafa masallacin wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu ya ci garin, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka tsiro jikinta kamar ƙayar bushiya su ke riƙe ginin, kuma su magina ke takawa in za a yi yaɓe.

Hawan kam sai a hankali! Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, ga warin jemagu. Kusa da ƙarshe rarrafe na yi, zuciyata na cewa koma.

Da na fito sama sai ga gari duka ja wur, fada a ƙarƙashina, duwatsun Abzin can nesa. Nan na gane dalilin da ya sa hasumiyar ta zama wurin tsaro bayan kiran salla: daga nan ake hango ayari, ake hango mahara. A Disamba 1916 Kawusan ya kewaye barikin Faransawa da goyon bayan Sarki Tagama. Da sojojin Nasara suka dawo a Maris 1917 sun kashe mutane da yawa, har malaman da suka fake a masallaci. Tagama kuwa a kurkukun Agadas ya rasu, a 1920. Na karanta wannan a aji don jarabawa, amma sai ranar ya taɓa ni.

A 2013 UNESCO ta saka tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. To amma takarda ba ta tare ruwan sama. A damanar 2024 tsohon masallacin Birni na Zinder ya rushe, ni ɗan Damagaram ban taɓa shiga na dube shi ba. Ƴan uwa, in magina tsofaffi suka ƙare, wa cikinmu ya iya cuɗa laka?