Wa ya cancanci nuna wa ɗalibi hanya? Tarihin horar da mashawartan ɗalibai a Faransa

A ƙarshen kowace shekarar karatu, bayan fitowar sakamakon jarrabawar birebe, akwai wata takarda da iyaye da ɗalibai ke jira cikin zullumi, wato wadda ke bayyana inda aka tura yaro: ko lise, ko makarantar koyon sana'a, ko wani fannin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Wannan aiki, wanda ake kira orientation da Faransanci, Nijar ta gaje shi ne daga Faransa tare da sauran tsarin lakwal. Saboda haka yana da amfani a waiwayi yadda ita Faransar ta yi fama da tambayar da ke ƙarƙashinsa: wane irin ilimi ya kamata mutum ya mallaka kafin a bar shi ya sa baki cikin makomar ɗan wani? Kusan shekara 100 ke nan ana sake amsa ta, kuma duk lokacin da amsar ta canza, takardar shaidar masu aikin ita ma sai ta canza.

Yaƙin duniya na farko ne ya tilasta wa Faransa ɗaukar al'amarin da muhimmanci. Ƙasar ta rasa sojoji wajen miliyan 1 da dubu 400, masana'antu suka wayi gari cikin ƙarancin ƙwararrun hannuwa. A 1919 dokar Astier ta tsara ilimin sana'a, ta wajabta darussa ga matasa masu koyon aiki. A 1922 kuma wani ƙudurin gwamnati ya fayyace abin da ake nufi da shiryar da yaro zuwa ga sana'a. Tambayar wancan zamani ba ta da sarƙaƙiya: yaro ya gama firamare, wace sana'a ta dace da ƙarfinsa, da ganinsa, da saurin hannunsa? Waɗanda suka fara aikin malaman firamare ne da ma'aikatan ofisoshin neman aiki, kowa yana yi gwargwadon fahimtarsa, ba tare da wani horo na musamman ba.

Wannan giɓi ne aka nufi cikewa a 1928, lokacin da aka kafa cibiyar INOP a birnin Paris. Mutum uku ne suka tsaya a kanta: Henri Piéron, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya gaji Alfred Binet a ɗakin bincikensa na Sorbonne, Henri Laugier, masanin aikin sassan jiki, da Julien Fontègne, wanda ya san aikin a aikace tun daga Strasbourg. Ra'ayinsu shi ne, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Dole mashawarci ya san halayyar yara, ya san lafiyar jiki, ya san sana'o'i da halin kasuwar aiki, ya kuma iya amfani da gwaje-gwajen auna basira. Suna da hujja mai ƙarfi. Piéron ne ya raɗa wa nazarin jarrabawa suna docimologie, kuma binciken da Laugier da Dagmar Weinberg suka yi a shekarun 1930 kan takardun bakaloriya ya nuna cewa takarda ɗaya tana iya samun maki mabambanta ƙwarai idan ta bi hannun masu gyara daban-daban. In har maki na iya yin kuskure haka, bai kamata a rataya rayuwar yaro a kansa shi kaɗai ba.

A 1938 doka ta ƙara wa aikin nauyi. An wajabta buɗe cibiyar shawara a kowace gunduma, aka kuma hana masana'antu da gidajen kasuwanci ɗaukar yaron da bai kai shekara 17 ba sai da takardar da ke nuna ya gana da mashawarci. Tunda sa hannun mutum ya zama ƙofar samun aiki, ba a iya barin kowa ya sa shi. Shi ya sa a 1944 aka ƙirƙiro difloma ta ƙasa ta mashawarcin sana'a. Kafin nan cibiyar ta koma INETOP a 1939, aka kuma haɗa ta da babbar makarantar fasahohi da sana'o'i ta CNAM a 1941.

Ba a jima ba sai ita kanta makarantar ta sauya. Gyaran Berthoin na 1959 ya ɗaga shekarun karatun dole zuwa 16, ya kuma kawo shekarun lura da ɗalibi a farkon sakandare. Tambayar ta tashi daga zaɓen sana'a ta koma zaɓen fannin karatu. Mashawarcin da aka horar don auna hannun ɗan koyo ya tsinci kansa a majalisar aji, tare da malamai, yana tattauna makomar ɗaliban kwaleji. A 1970 aka kafa ONISEP domin tattara bayanai kan karatu da sana'o'i, a 1971 cibiyoyin suka ɗauki sunan CIO. Gyaran Haby na 1975 ya tara dukan yara cikin kwaleji iri ɗaya, daidai lokacin da rashin aikin yi ya fara yaɗuwa. Gwaje-gwajen da aka dogara da su a da suka sha suka, domin an lura sau da yawa suna nuna gidan da yaro ya fito fiye da abin da yake iyawa. A hankali hira da ɗalibi ta karɓi matsayin gwaji, kuma dokar 1989 ta tabbatar da cewa ɗalibi ne ke gina shirin makomarsa da taimakon iyaye, da malamai, da mashawarta.

Mai sauraron damuwar matashi yana bukatar wani ilimi daban da na mai cika takardar gwaji. Dokar 1985 ta hana kowa kiran kansa masanin halayyar ɗan Adam sai wanda ya yi cikakken karatun jami'a a fannin. A 1991 mashawarta suka sami wannan laƙabi: ana shiga da digirin lisans a fannin, a ci gasar ɗaukar ma'aikata, sannan a yi horon shekara 2 wanda ke kaiwa ga diflomar DECOP. A 2017 aka haɗe su da takwarorinsu na firamare cikin rukuni guda, aka ɗaga sharaɗin zuwa digirin masta, tare da shekara 1 ta horo a bakin aiki. A 2018 kuma doka ta miƙa wa jihohi aikin sanar da ɗalibai game da sana'o'i, matakin da yawancin ma'aikatan suka ɗauka a matsayin barazana ga cibiyoyinsu.

Abin lura a nan shi ne, babu diflomar da ta ishi mai ita har ya yi ritaya. Wanda ya fito a 1950 ya yi aiki ƙarƙashin gyaran 1959 da na 1975, waɗanda ba a koya masa komai a kansu ba. Abin da ya riƙe irinsa shi ne karatun bayan difloma: mujallar da cibiyar ta fara bugawa tun farkonta, wadda a 1972 ta zama L'Orientation scolaire et professionnelle, ƙungiyar ma'aikatan da tarurrukan ƙara wa juna sani da take shiryawa, da ƙungiyar ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1951. Da yawa daga waɗannan, su ma'aikatan ne suka raya su da kansu.

Ga malaman Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, amfanin wannan tarihi bai tsaya ga kwaikwayon dokokin wata ƙasa ba. Duk inda babu mashawarci, malamin aji ne ke faɗa wa yarinya ko ta ci gaba ko ta haƙura, shi ne uba ke tambaya ko lise ta fi makarantar sana'a. Yana yin aikin ko an horar da shi ko ba a horar da shi ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun da bai ƙware ba yana iya karya shi. Ƙungiyoyin malamai na da ikon fara abin da takwarorinsu suka fara: su nemi a sanya wannan fanni cikin horon makarantun malamai, su tattara sahihin bayani kan makarantu da sana'o'in jaharsu, su kuma riƙa zama kowace shekara suna bincika inda ɗaliban da suka ba shawara suka kwana.